GIMP a shagon hoto: abin da yake iyawa da inda filogin ke ba da wahala

Daga Ngaundare zuwa Garwa da Marwa, har Kusiri a arewacin Kamaru da ƙetaren gada a Njamena, aikin shagon hoto kusan iri ɗaya ne. Akwai hoton 4x4 na takardun jarrabawar CEP da BEPC da Probatoire da Bakaloriya, akwai katin gayyatar aure ko suna, akwai tsohon hoton kaka da ya tsage ana so a gyara, sai kuma babban kyallen talla da ake kira bandarol. Yawancin shagunan da Photoshop suke wannan aiki, kuma tun da kamfanin Adobe ya koma tsarin biyan haya a 2013, wanda ke yawo a filash galibi fasasshe ne, shi da ƙwayar cutar kwamfuta kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. GIMP, wanda shi ma na gyaran hoto ne kamar Photoshop, kyauta ne, halal ne, ba ya neman lambar rajista, ba ya neman intanet bayan an ɗora shi. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, su suka fara shi a 1995, har yau kuma ana ci gaba da gina shi.

GIMP ya ishi mai shago a duk ayyukan da aka lissafa, in ban da wurare biyu da za a zo kansu. Abin da ke sa mutane su yi fushi su goge shi ba rauninsa ba ne. Yawanci filogin ne, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, waɗanda ake saukewa ba tare da an duba ko sun dace da samfurin da ke kan kwamfutar ba.

GIMP biyu ne a hannun mutane yanzu. Akwai zuriyar 2.10 da ta fara fitowa a Afrilun 2018, wadda 2.10.38 ne autanta, akwai kuma GIMP 3 da ya fito a Maris ɗin 2025. A ido sun yi kama, amma an sake ginin cikinsu, har filogin ɗin da aka yi wa 2.10 ba ya aiki a kan 3 ko kaɗan. Ba ma zai nuna maka saƙon kuskure ba, shiru kawai za ka ji, ka duba menu ka ga babu shi. GIMP 3 yana buƙatar Windows 10 ko sama da haka, don haka tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 sai ta tsaya a zuriyar 2.10, kuma babu laifi a hakan. Shagon da ke da kwamfuta biyu ya lura da wani abu: fayil ɗin XCF, wato fayil ɗin aiki na GIMP, da aka adana a GIMP 3 da sababbin dabarunsa ba zai buɗu a 2.10 ba. Gara a daidaita duka biyun kan samfuri ɗaya.

Wurin saukewa ɗaya ne, gimp.org. A 2022 an ga tallan jabu a saman sakamakon binciken Google, shafin ya yi kama da na gaske sak, abin da yake bayarwa kuwa manhajar satar bayanai ce. Fayil ɗin ɗorawa na 2.10 na ƙarshe-ƙarshen nan ya kai wajen megabait 300, amma sau ɗaya ake sauke shi, a zuba a filash a ɗora wa kwamfuta goma. Kwamfutocinmu yawanci da Faransanci suke, GIMP kuma yana bin harshen Windows, sai dai filogin da yawa da Turanci suke fitowa. Don kada a riƙa haɗa harshe biyu, sunayen menu a nan na Turanci ne. Mai son sauyawa ya shiga Édition, Préférences, Interface, Langue, ya zaɓi Turanci, ya rufe GIMP ya sake buɗewa. In ka manta inda wani umarni yake, danna maɓallin / ka rubuta farkon sunansa.

Abu na farko da ke ruɗa sabon shiga shi ne adanawa. Tun samfurin 2.8 na 2012, Ctrl+S fayil ɗin XCF kaɗai yake bayarwa, wanda ke riƙe leyoyi, wato sassan hoton da aka ɗora kan juna, da rubutu yadda suke don a dawo a gyara. JPEG ko PNG da za a ba mai hoto sai ta Export As, wato Shift+Ctrl+E. Ingancin 90 ya isa ga JPEG ɗin da za a wanke. Kuma GIMP ba ya adana aiki da kansa lokaci-lokaci. A watannin zafi, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka shiga rabon wuta, wanda ke aiki da kwamfutar tebur babu batirin riƙe wuta ya mayar da Ctrl+S tamkar numfashi.

Hoton 4x4 shi ne abincin yau da gobe, don haka ga lissafinsa. Santimita 4 a kan fiksel 300 cikin kowane inci ya zama fiksel 472. Ɗauki kayan yanka da Shift+C, ka kulle shi a kan 1:1, ka yanke hoton yadda kai da kafaɗu za su zauna daidai. Shiga Image, Scale Image, ka sa 472 da 472, ka sa 300 a gurbin ƙarfin bugu. Daga nan Image, Canvas Size: 590 da 590, danna Center, sannan Flatten Image bayan ka tabbata launin baya fari ne. Yanzu kowane hoto yana zaune a tsakiyar farin gida mai santimita 5. Filters, Map, Tile, ka cire sarƙar da ke haɗa faɗi da tsawo, ka sa 1181 da 1772, wato takardar 10x15. Hotuna shida za su fito a jere, biyu a faɗi uku a tsaye, da wurin sa almakashi a tsakaninsu. Kafin bugawa a duba Image, Print Size a tabbata 300 ɗin na nan, domin in ya koma 72 firinta zai ɗauka hoton ya haura rabin mita. Hoton bizar Turai milimita 35 ne da 45, wato fiksel 413 da 531.

Ga sauya bayan hoto zuwa fari, GIMP ba shi da maɓallin da za a danna sau ɗaya ya cire mutum, irin na manhajojin waya. Akwai Fuzzy Select a maɓallin U, wanda ma'auninsa ke farawa a 15, ana ƙara shi in bangon ba launi ɗaya ba ne. Gefen hula da rawani da hijabi yana fita tsaf da shi ko da kayan zana layi na maɓallin B. Gashi ne mai wuya, a nan sai Foreground Select da haƙuri. A yi Select, Feather da fiksel 1 ko 2 kafin gogewa, in ba haka ba mutum zai fito kamar an yanko shi da reza an manna. In ka danna Delete ka ga wurin ya cika da launi maimakon ya zama wayam, leyar ce ba ta da alfa, wato abin da ke ba ta damar zama wayam: Layer, Transparency, Add Alpha Channel.

Fuskar baƙar fata a gaban farin bango tana fitowa da duhu, saboda kyamara hasken bangon take aunawa. Colors, Auto, White Balance ba ya magance wannan, sau da yawa ma sai ya mayar da fata toka-toka. Colors, Shadows-Highlights ya fi, a ɗaga inuwa a hankali. Sannan a Levels a ɗan tura ma'aunin tsakiya zuwa 1.10 ko 1.20, domin takarda ba ta haske kamar allon kwamfuta. Hoton da aka ɗauka a waje lokacin hunturu, da ƙura ta sa shi ja-ja, Color Temperature ke gyara shi.

To, filogin.

G'MIC shi ne babba, kuma shi ya fi cancanta a kashe masa data. David Tschumperlé na cibiyar bincike ta GREYC a birnin Caen na Faransa ya fara shi a 2008, yanzu yana ɗauke da tacewa, wato dabarun gyaran hoto, sama da 500. Gaskiya mai shago ba zai yi amfani da ko ashirin daga ciki ba, sauran na masu zane ne da masu wasa da launi. Amma 'yan kaɗan ɗin suna da daraja. A rukunin Repair akwai Descreen, mai cire ɗigo-ɗigon da ke fitowa in an yi sikanin hoto daga jarida ko kalanda. Akwai Smooth [Anisotropic] na rage tsakin hoton da aka ɗauka da dare a wurin biki. Akwai Upscale [DCCI2x] da ke ninka girman hoto sau biyu ba tare da gefuna sun yi kaushi sosai ba, wanda ke taimakawa da hotunan da ake turowa ta WhatsApp. Taimakon yana da iyaka. WhatsApp yana matse hoto ya rage shi zuwa wajen fiksel 1600 a dogon gefe, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa, shi ya sa ya fi sauƙi a ce wa mai hoto ya sake turowa a matsayin fayil. Inpaint [Patch-Based] kuwa yana cike gurbi: ka shafa ja tsantsa, 255, 0, 0, a kan abin da kake so ya ɓace, shi kuma ya ɗebo daga kewaye ya rufe. A shafa jan da fensir, maɓallin N, ba da buroshi mai laushin baki ba, domin gefen buroshi ba ja tsantsa ba ne, zai bar jan zobe a wurin.

Smooth [Skin] na G'MIC shi ne wanda aka fi yabo kuma aka fi ɓata hoto da shi. Gano fata da yake yi da kansa ba ya kama fata mai duhu yadda ya kamata, sai a koma nuna masa da hannu, kuma in aka cika masa ƙarfi amarya za ta fito kamar 'yar tsanar roba. Wavelet-decompose da ke cikin GIMP kansa, a Filters, Enhance, ya fi shi tsafta. Yana raba hoto gida biyar gwargwadon ƙanƙantar abin da ke ciki, da leya ta shida mai riƙe launi. Ƙuraje da tabo suna zaune a gida na huɗu da na biyar, ƙananan ramukan fata a na ɗaya da na biyu. Ka kewaye kumatu da goshi, ka ɗan dusashe na huɗu da na biyar, ka bar na farko. Fuska ta yi sumul, amma tana nan fuskar mutum.

A gmic.eu akwai fayil na GIMP 2.10 daban, na GIMP 3 daban. Rabin matsalar G'MIC daga nan take. Ɗaya rabin daga masu kwafe fayil ɗin gmic_gimp_qt.exe kaɗai daga kwamfutar abokinsu, su bar sauran. Filogin ɗin da wani kayan gina manhaja mai suna Qt aka gina fuskarsa, yana buƙatar duk fayilolin DLL da ƙaramar foldar platforms da ke tare da shi. In babu su, ko ya ƙi fitowa, ko ya fito ya ce bai sami abin tayar da Qt ba. A kwafe foldar gmic_gimp_qt ɗungurungum. Idan ya zauna daidai, za a gan shi a ƙasan menu na Filters da suna G'MIC-Qt, kuma ba ya dannuwa sai da hoto a buɗe. A cikin tagarsa a sauya wurin fitar da sakamako daga In place zuwa New layer, don hoton asali ya tsira kuma a iya rage ƙarfin gyaran daga baya.

Ina ne ake zuba filogin? A Windows, rubuta %APPDATA%\GIMP a layin adireshin folda. Za ka ga folda mai lambar samfurin, kamar 2.10 ko 3.0, a ciki akwai plug-ins. Don tabbatarwa, Edit, Preferences, Folders, Plug-ins yana nuna ainihin wuraren da GIMP ke dubawa. Masu Faransanci za su ga an rubuta Greffons. GIMP 3 yana da ƙa'idar da ke kayar da mutane da yawa: kowane filogin dole ya zauna a cikin foldarsa, kuma sunan foldar ya zama daidai da sunan fayil ɗin. In ka buɗe zip ya haifar da folda cikin folda, ko ya ƙara lambar samfuri a sunan, GIMP zai wuce bai gan shi ba. Fayilolin da suka ƙare da .scm na zamanin 2.10 kuma ba a plug-ins suke zama ba, a scripts suke. A Linux sai an ba fayil ɗin izinin aiki da chmod +x. In duk an yi wannan bai fito ba, a rufe GIMP, a goge fayil ɗin pluginrc da ke cikin foldar 2.10 ko 3.0. Rajistar filogin ce kawai, GIMP zai sake rubuta ta in an buɗe shi, sai dai buɗewar za ta ɗan daɗe.

Resynthesizer shi ne na gyaran tsofaffin hotuna. Paul Harrison ya ƙirƙiro shi, Lloyd Konneker ya ci gaba da kula da shi. Abin da ake nema a cikinsa Heal Selection ne, a Filters, Enhance. Ka kewaye tsagewa, ko tambarin kwanan wata, ko wayar lantarki da ta ratsa sama, ka faɗaɗa kewayen da fiksel 3 zuwa 5 ta Select, Grow, sai ka kira shi. Faɗin wurin da yake ɗebo samfuri yana farawa a fiksel 50. In abin gogewar yana kusa da fuska ko gefen riga, rage shi zuwa 20, in ba haka ba za ka ga guntun ido ko maɓallin riga ya bayyana a bango. Akwai zaɓin inda zai ɗebo: ko'ina, gefe da gefe, ko sama da ƙasa. Tsagewar da ta sauko a tsaye ta fi son gefe da gefe. A kan yashi, sararin sama, bangon ƙasa da ciyawa aikinsa kamar sihiri ne. A kan atamfa mai zane, aikin wuyan babbar riga ko ɗinkin hula kuwa yana rikita zanen, can sai Clone da hannu: maɓallin C, Ctrl da dannawa don nuna inda za a ɗebo. Ƙaramin tsohon hoto a yi sikaninsa a 600, ba 300 ba, don a sami abin aiki.

Ciwon Resynthesizer a 2.10 shi ne Python, wani harshen rubuta manhaja. Injin yana nan, amma menu ɗinsa da Python 2 aka rubuta. In a ƙarƙashin Filters babu Python-Fu, Heal Selection ba zai taɓa fitowa ba. A Windows maganin shi ne a sake ɗora GIMP cikakke ba tare da cire Python daga zaɓin ba. A Ubuntu daga 20.04 an cire wannan tallafi gaba ɗaya, hanyar da ta fi sauƙi a can ita ce GIMP na Flatpak, wata hanyar ɗora manhaja a Linux, tare da Resynthesizer ɗinsa na Flatpak. GIMP 3 yana da nasa Resynthesizer da aka sake rubutawa, tsohon ba zai hau ba. Tsohon rumbun filogin na GIMP ya daɗe da rufewa, don haka shafin da ya ce ya tara maka filogin ɗari a zip ɗaya, a yi masa kallon naman da ba a ga yankansa ba.

Na uku BIMP ne, na Alessandro Francesconi, don hotunan biki ɗari uku da ake so a rage girmansu a sa musu sunan shago a kusurwa. Yana File, Batch Image Manipulation. A zaɓi foldar fitarwa daban da ta asali. Na 2.10 ne, a GIMP 3 Batcher ke wannan aiki.

Wani wurin da GIMP ya yi abin yabo shi ne rubutu. Katin gayyata da Hausa ko Fulatanci yana buƙatar haruffa masu lanƙwasa, kuma allon rubutun Faransanci ba shi da su. A cikin akwatin rubutu danna Ctrl+Shift+U, rubuta lamba, danna Enter: 253 na ɓ, 257 na ɗ, 199 na ƙ, 1b4 na ƴ, 14b na ŋ. Manyan huɗun farko 181, 18a, 198 da 1b3. In harafin ya fito siriri ko ya fi sauran tsawo, salon rubutun da ka zaɓa ba shi da shi, GIMP ya aro daga wani. Charis SIL, Andika da Noto Sans suna da su duka. Larabci yana haɗuwa daidai daga dama zuwa hagu, abin da ke da muhimmanci a Chadi. Don ajami akwai Harmattan da Alkalami, na biyun an zana shi a kan salon rubutun Kano. Sai dai kada a zuba salon rubutu dubu biyu a kwamfuta don an same su a filash, GIMP yana karanta su duka, buɗewarsa sai ta yi nauyi.

Nauyi da tsayawa cak yawanci daga bandarol suke zuwa. Kyalle mai mita 2 da mita 1 a kan 300 ya zama fiksel 23622 da 11811, leya ɗaya tak ta haura gigabait guda. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 ba za ta ɗauka ba, balle a zafin Afrilu na Marwa da ke haura digiri 40, ga ƙura ta toshe fanka. Abin da ake kallo daga nesa 100 ya ishe shi: 7874 da 3937, wajen megabait 124 kowace leya. A bar Image, Precision a 8 bit, domin 32 bit yana cin ninki huɗu. In buroshi ya ƙi zane, ba nauyi ba ne: ko akwai ɗan kewaye da ba ka gani, sai Shift+Ctrl+A, ko akwai abin da aka manna yana shawagi, sai Ctrl+H. Tacewa da suka dushe a menu alama ce hoton ba RGB ba ne, a gyara a Image, Mode. Akwatunan kayan aiki in sun ɓace gaba ɗaya, Tab aka taɓa.

Wuraren nan biyu da GIMP bai kai ba: PSD da CMYK. Yana buɗe fayil ɗin Photoshop, leyoyi suna fitowa, amma rubutu yakan zo a matsayin hoto da ba ya gyaruwa, wasu kwalliyar leya kuma su ɓace. Shagon da ya dogara da samfuran katin aure na PSD da ake saukewa zai sake buga rubutun da hannu kowane lokaci. CMYK kuwa tsarin launin tawadar maɗaba'a ne, GIMP kuma a RGB, tsarin launin allo, yake aiki. Samfuri na 3 yana iya fitar da JPEG ko TIFF na CMYK in an ba shi bayanin launin maɗaba'ar, amma ba ya aiki a cikinsa kai tsaye. Ga firintar hoto ta shago da injin bandarol wannan ba damuwa ba ce, RGB suke karɓa. Aikin da za a kai babbar maɗaba'a a Yawunde ko Duwala ne ke buƙatar a tambaye su irin fayil ɗin da suke so, a ƙarasa shi a Krita ko Scribus in ta kama. Hoton RAW, wato ɗanyen fayil na babbar kyamara, ma sai an ɗora darktable ko RawTherapee kafin ya buɗu.

Ga tsohuwar kwamfuta, zuriyar 2.10 da G'MIC da Resynthesizer da BIMP nata su ne haɗin da ya fi kwanciya. Mai Windows 10 ko 11 da RAM gigabait 8 ya hau GIMP 3, ko don gyaran launi da ake iya dawowa a sauya daga baya da kuma zaɓen leyoyi da yawa a lokaci guda. Kowanne aka zaɓa, ranar da komai ya zauna daidai a kwafe foldar %APPDATA%\GIMP gaba ɗaya a filash, tare da fayil ɗin ɗorawa na samfurin, a rubuta lambarsa a sunan foldar. In aka sake wanke kwamfutar, ɗora GIMP ɗin, mayar da foldar wurinta, filogin da salon rubutun da ke cikinta da gajerun maɓallai duk za su dawo yadda aka bar su.